Manhajar talla ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanan kwastoma: tambayoyin da kunka fi yi min da amsoshinsu

Salamu alaikum jama'a. Waɗannan tambayoyi ne da masu shaguna da yaran da ke riƙe musu kwamfuta ke yawan yi min nan Birnin Kebbi, wasu kuma daga Jega, Argungu, Yawuri har Gusau, kuma kusan duk abu guda ne, mutum ya tara sunaye da lambobin kwastoma cikin databes, wato rumbun bayanai, ya samu manhajar aika saƙon talla, amma biyun sun ƙi magana da juna. Ban jera su bisa wani tsari ba, yadda sunka zo min haka na zuba su, kowa ya duba wadda ta shafe shi.

Malam ni tun farko ban gane ba, mi ake nufi da haɗa su ɗin?

Toh a nan mutane da yawa ke rikicewa don haɗin iri biyu ne. Na farko, manhajar tallar ita kanta tana buƙatar rumbun da za ta riƙa zuba kayanta, misali Mautic ko phpList in ka ɗora su bisa sabarka, wato kwamfutar da ke zaune kan intanet tana riƙe maka manhaja, dole ka buɗe musu databes sabo fil na MySQL ko MariaDB, manhajojin da ke riƙe rumbun bayanai ke nan, su ne za su ƙirƙiri teburansu ciki, kai ba ruwanka. Na biyu kuma shi ne kana da wani rumbu tun da can, na shago, inda manhajar sayar da kaya ke rubuta wane ya sayi buhu nawa na taki, wane ake bi bashi, kuma kana son manhajar talla ta riƙa ɗaukar sunaye daga can ba sai wani ya zauna yana kwafa da hannu ba.

Na farkon aikin minti kaɗan ne. Na biyun shi ne inda ake ɓarna, kuma mafi yawan abin da zan faɗa ƙasa kansa ne. Abin da ba na so in gani shi ne a haɗa biyun cikin databes guda, wai don tsimi. Kar ka yi. Ranar da manhajar talla ta yi sabuntawa ta lalace za ka so a ce lissafin shagonka yana can gefe lafiya lau.

Wane bayani ne zan cike cikin akwatunan nan da take tambaya?

Biyar ne kusan ko'ina: adireshin saba, lambar fot (ƙofar da ake shiga sabar ta ciki), sunan databes, sunan yuza (asusun da ake shiga da shi), sai kalmar sirri. Fot ɗin MySQL da MariaDB 3306 ne, PostgreSQL 5432, SQL Server na Microsoft 1433, MongoDB 27017, in ba wani ya canza da gangan ba haka za ka same su.

Masu hostin, wato hayar wuri bisa saba, da ke sarrafa shi ta shafin cPanel ku kula da abu biyu. Duk sunan da ka ba databes ko yuza, cPanel na maƙala mishi sunan asusunka a gaba, ka rubuta talla shi kuma ya mai da shi wani abu kamar shagona_talla, to cikakken sunan nan ne za ka sa cikin manhaja ba guntun ba. Sannan ƙirƙirar yuza daban, haɗa shi da databes daban, akwai wuri can ƙasan shafin da za ka zaɓi yuza ka zaɓi databes ka danna ka ba shi izini. Wallahi kiran da ake min da yawa wanga matakin kaɗai anka tsallake.

Oga na sa localhost ya ƙi, abokina ya sa localhost ya yi mishi, mi ya bambanta mu?

localhost na nufin na'urar da manhajar ke zaune kanta. In manhajar talla da databes suna saba guda zai yi. In databes na kwamfutar shago a Birnin Kebbi ita kuma manhaja tana wata saba a Jamus ko Amurka, ka rubuta localhost ka ce mata ta nemi rumbun cikin gidanta ne, ba za ta gan shi ba.

Akwai kuma wani abu na MySQL bisa Linux, in ka rubuta localhost yana bi ta wani fayil da ake ce ma soket, in ka rubuta 127.0.0.1 sai ya bi ta hanyar netwok. Don haka in suna saba guda amma localhost ya ba ka matsala mai lamba 2002, gwada 127.0.0.1 kafin ka ta da hankalinka.

Yaron da ya haɗa min ya ce a sa root kawai ya fi sauƙi. Akwai matsala?

Alhaji akwai, babba ma. root shi ne yuzan da ke iya komi, ya karanta, ya canza, ya goge databes gaba ɗaya, ya ƙirƙiri wasu yuzoji. Ka duba yadda kake yi da sabon yaron shago, in ka aike shi kai saƙo gidajen kwastoma takardar sunaye kake ba shi, ba ka miƙa mishi makullin sito da littafin bashi da na ciniki. Ita ma manhajar talla ɗan aike ce. Abin da take buƙata suna, lambar waya, gari, wataƙila ranar da mutum ya yi sayayya ta ƙarshe da irin kayan da ya saba saye. Ba ta da hurumi da farashin da kake sarin kaya, ko nawa dila wane ke riƙe da shi na bashi, ko lambar asusun bankin kowa.

Kuma ba wai don ita manhajar muguwa ce ba. Kalmar sirrin da ka ba ta tana ajiye cikin wani fayil bisa saba wadda ke fuskantar intanet dare da rana, manhajojin talla na da fom-fom da kowa ke iya cikewa, suna da ƙarin kayan haɗi da wasu sunka rubuta, duk ranar da anka samu kafa cikin ɗaya daga ciki to wanda ya shiga ya samu duk ikon da ka ba ta. In izinin karatu kaɗai ne bisa ɗan tebur guda, abin da zai ɗauka ke nan, abin takaici ne amma shago bai tsaya ba. In root ne, sai dai a yi ta salati. Akwai masu bin intanet da na'ura suna laluben databes da anka bari buɗe, su kwashe su goge su bar maka saƙo ka biya da Bitcoin, ba su san ka ba, ba ruwansu da ko kai ƙaramin ɗan kasuwa ne.

Yaron ba ƙarya ya yi ba da ya ce ya fi sauƙi, root ba ya taɓa cewa ba ka da izini shi ya sa masu gaggawa ke son shi. Amma bambancin aikin bai wuce layi uku na rubutu ba.

To nuna min layi ukun.

A ce sunan databes ɗinka shago, akwai tebur kwastomomi ciki. Da farko ka yi abin da ake kira VIEW, wato tebur na gani kawai wanda ke nuna ɓangaren da ka zaɓa:

CREATE VIEW shago.na_talla AS SELECT suna, waya, gari, ranar_saye FROM shago.kwastomomi WHERE ya_yarda = 1;

Sai yuza na musamman wanda ba ya iya shigowa sai daga adireshin sabar talla:

CREATE USER 'talla'@'203.0.113.10' IDENTIFIED BY 'doguwar kalmar sirri nan';

GRANT SELECT ON shago.na_talla TO 'talla'@'203.0.113.10';

Adireshin nan na misali ne, ka sa na sabarka. Ka lura da ya_yarda ɗin can, wato duk wanda bai amince a turo mishi talla ba ko sunansa manhajar ba za ta gani ba, zan dawo kan wannan.

Sai dai masu hostin na haɗaka, irin wanda ake biya shekara-shekara da cPanel, yawanci ba a barin ku ku ba da izini tebur-tebur, izinin na databes ne ɗungurungum. Mafita ita ce ka buɗe databes na biyu ƙarami, ka sa wani ɗan rubutu ya riƙa kwafo waɗancan bayanan huɗu cikinsa sau ɗaya ko biyu a yini, manhajar talla ta san ƙaramin kawai. Ni ma na fi son wannan hanyar ko da inda ake iya yin VIEW.

Jiya ya haɗu yau ya ƙi kuma ban taɓa komi ba wlh

Da wane sabis kake? In da wayarka kake kunna ma kwamfuta data, ko ƙaramin rauta na MTN, Airtel ko Glo, to adireshin IP ɗinka, lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, ba tsayayye ba ne, ka kashe ka kunna ya canza, wani lokacin ma ba ka kashe ba. Jiya ka shiga Remote MySQL cikin cPanel ka sa adireshinka, yau kai wani ne daban a idon saba.

Abin da mutane ke yi don su huta shi ne su sa alamar % wadda ke nufin kowa daga ko'ina. Na san ana yi, na san yana aiki, amma ka buɗe 3306 ga duniya ke nan, saura kalmar sirri kaɗai tsakaninka da su. In sabarka na da SSH, hanyar shiga saba daga nesa a rufe, ka bi ta ramin SSH:

ssh -L 3307:127.0.0.1:3306 yuza@adireshin-saba

Bayan nan sai ka ce ma manhajar da ke kwamfutarka ta haɗu da 127.0.0.1 fot 3307, komi na bi ta cikin hanya rufaffiya kuma ba ruwanka da canjin IP. In kuma saba ce da saba, su adireshinsu tsayayye ne, ka sa shi sau ɗaya ka kunna SSL mai rufe bayanan a hanya an wuce wurin.

Ga lambobin matsala da nake gani, ko za ka fassara min?

Lambar ta fi dogon Turancin da ke biye da ita amfani. A MySQL da MariaDB, 1045 na nufin ka iso ƙofa amma an ƙi ka, ko kalmar sirri ba daidai ba ko kuma yuzan an ƙirƙire shi don wani adireshi daban, don a wurin MySQL talla daga localhost da talla daga wani IP mutum biyu ne. 1044 ka shiga amma ba ka da izini bisa wanga databes. 1049 babu databes mai wannan suna, duba rubutu, kuma a Linux babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. 1130 adireshinka ba ya cikin waɗanda anka yarda da su. 1142 kana son yin abin da ba a ba ka ba, misali rubutu alhali karatu kaɗai gare ka.

2003 ita ce mai cin lokaci don ko ƙofar ba ka iso ba. Ko MySQL ɗin a kashe yake, ko fayawol, mai gadin ƙofofin saba, ya toshe fot, ko kuma yana sauraren cikin gida kaɗai, a Ubuntu akwai layin bind-address cikin fayil ɗin mysqld.cnf da ke zuwa da 127.0.0.1. Masu PostgreSQL ku wurare biyu ne, listen_addresses da fayil ɗin pg_hba.conf.

1040 haɗi ya yi yawa, iyakar da MySQL ke zuwa da ita 151 ce, masu hostin na haɗaka kuma sukan rage ƙwarai. 2006 haɗin ya tsinke a tsakiya, ko an bar shi zaune ya daɗe ko an turo abu mai girma lokaci guda.

In kuma ka ga ana maganar caching_sha2_password, wannan sabon MySQL ne daga 8 zuwa sama ya gamu da tsohon PHP, harshen da anka rubuta manhajar da shi. Ɗaga PHP ɗin, kar ka koma tsohuwar hanyar tantance kalmar sirri don MySQL 8.4 ya zo da ita a kashe, 9 kuma ya cire ta.

Kalmar sirri daidai take, na kwafa na liƙa, amma 1045 dai

Duba ko akwai @ ko # ko / cikinta. Wasu manhajoji layi guda suke karɓa mai haɗe da komi, yuza da kalmar sirri da adireshi, kuma cikin irin wanga layin @ ita ke raba kalmar sirri da adireshi, sai ta yanke maka a tsakiya. Ka rubuta %40 madadin @, %23 madadin #. Ko ka huta ka yi kalma doguwa ta baƙaƙe da lambobi zalla. Sannan kwafa daga WhatsApp kan jawo fili ɗaya a ƙarshe wanda ido ba ya gani.

Sunayen kwastomomina sun koma alamar tambaya, Ɗanjuma ya zama ?anjuma, abin kunya saƙo ya riga ya tafi haka

Hajiya sannu, wannan ciwon namu ne mu masu ƙ da ɗ da ɓ, wanda ya rubuta manhajar can ƙasarsu bai taɓa gamuwa da shi ba. Tsofaffin databes da yawa an kafa su bisa tsarin baƙaƙe da ake kira latin1, shi kuma babu baƙaƙenmu masu lanƙwasa cikinsa, babu ma alamar ₦. Abin da ake so utf8mb4, kuma wuri uku dole su yarda da juna: teburin da ake ajiya, haɗin da ke tsakani, da fayil ɗin da anka shigo da shi in akwai. Mutane kan gyara tebur su manta haɗin, cikin saitin manhajar akwai wurin charset, nan ma a sa utf8mb4.

Ki lura da irin lalacewar don tana gaya miki ko akwai magani. In kin ga ƙ ya koma Æ™ ko ɗ ya koma É— to bayanin na nan, karatunsa ne anka yi da tsarin da ba shi ba, mai sani zai iya maido shi. In kuwa alamar tambaya ce zaune cikin teburin kansa, asalin baƙin ya tafi, sai dai a koma tsohon kwafi ko a gyara da hannu. Kuma kar kowa ya taɓa canza tsarin tebur bai ɗauki kwafi ba tukuna.

Akwai wanda ake kira utf8 kawai babu mb4, a MySQL shi na ɗaukar ƙ da ɗ da ₦ lafiya amma ba ya ɗaukar emoji, ranar da wata ta cike fom ta sa fure gaban sunanta sai layin ya ƙi shiga ko ya yanke. Masu fitar da fayil daga Excel ku zaɓi CSV UTF-8 wurin ajiyewa, ba CSV na haka nan ba.

Tunda muna nan bari in ƙara abin da ya shafi aljihu. Saƙon tes guda baƙi 160 yake ɗauka, amma da zaran ƙ guda ɗaya ko ₦ ta shiga sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, saƙon da kike zaton shafi ɗaya ne ya zama biyu ko uku, kuma kowane shafi kuɗi ne, ki ninka da yawan mutanen da za ki tura ma. Har ɗan waƙafin sama na 'ya'ya in an rubuta shi cikin Word ya lanƙwashe shi ma yana jawo haka. Abin da nake yi, cikin rumbu a bar suna da rubutunsa na gaskiya, a yi wani gurbi na biyu marar lanƙwasa don tes kaɗai, a rubuta N madadin ₦. Imel da WhatsApp su ba su da wagga matsalar, can a rubuta Hausa yadda take.

Lambobin waya sun zubar da sifili, wasu ma sun koma 2.35E+12

Excel ne, yana ɗaukar lambar waya kamar kuɗi, sifilin gaba ba shi da amfani a wurinsa, mai tsawo kuma ya dunƙule ta, in ka ajiye CSV haka ta tafi ke nan. A databes ma kar a ajiye waya a gurbin lissafi, a sa VARCHAR, wato gurbin rubutu. Ka zaɓi tsari guda ka tsaya kai, 234 sai lambobi goma babu sifili babu fili, don kamfanonin aika tes da WhatsApp haka suke so. In ba haka ba mutum guda zai fito sau uku, 0803 da 234803 da +234 803, ya sha saƙo uku ya ji haushinka kai kuma ka biya sau uku.

Mutanen Kamba da Dole Kaina da masu ciniki da 'yan ƙetare, kar ku sa rubutun da ke maƙala 234 ga kowace lamba ido rufe. Na Nijar 227 ne da lambobi takwas, na Benin 229. A ware musu gurbin ƙasa tun farko.

Databes ɗina na cikin kwamfutar shago. Zan iya sa manhajar da ke intanet ta riƙa shigowa ta ɗauka?

Da wuya, kuma ko ana iyawa ban ba ka shawara ba. Layukan waya yawanci mutane da yawa ke raba IP guda, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa maka kai tsaye, Starlink ma na gida haka yake. Ga wuta, an ɗauke ko batirin sola ya sauka da dare kwamfuta ta mutu, ga zafin Afrilu da ke sa na'ura kashe kanta.

Juya abin. Kwamfutar shago ita za ta riƙa turawa waje duk lokacin da ta samu sabis, ɗan rubutu ya tattara waɗanda sunka canza tun turawa ta ƙarshe ya aika, in babu sabis ya jira. Don haka ka sa gurbin lokacin gyara na ƙarshe a teburin kwastoma, da shi ake gane sabo.

Kuma kar wani ya ce maka ka kwashe lissafin shago gaba ɗaya ka kai intanet don kawai talla ta yi sauƙi. Mutanen Zamfara sun tuna Satumbar 2021 da anka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, makonni babu kira babu data. Wanda cinikinsa ke cikin kwamfutar shago ya ci gaba da rubuta rasit. Talla na iya jira, ciniki ba ya jira.

Na buɗe Mailchimp na duba ko'ina ban ga wurin sa adireshin databes ba

Babu shi ne ƙanena. Mailchimp, Brevo, HubSpot da irinsu rumbunsu na hannunsu, ba sa shiga naka kai tsaye haka nan. Ko ka ɗora musu CSV, ko ka tura ta API, ƙofar da manhaja ke magana da manhaja, da makullin da za su ba ka, ko ka sa ɗan tsakiya irin Zapier, Make ko n8n ya karanto daga MySQL ya miƙa musu. n8n ana iya ɗora shi bisa sabarka, wanda ke rage biyan dala. Makullin API ɗin nan ka riƙe shi kamar kalmar sirri, kar a tura shi cikin guruf.

Gaskiya kuma in kwastomominka manoman shinkafa ne na fadamar Argungu da Suru ko masu albasa na Aliero, imel ba shi ne hanyarsu ba, tes da WhatsApp da kira sun fi kai musu. Kafin ka biya wata manhaja duba ko tana haɗuwa da mai aika tes na Najeriya.

Ni Excel kawai nake da shi, mutum ɗari huɗu, dole sai na yi databes?

A'a. Gyara lambobin, fitar da CSV, ɗora duk sati. Sai in mutum fiye da ɗaya ke rubutu lokaci guda ko kuna da reshe biyu sannan a fara wannan maganar.

Mautic ya haɗu, sunaye sun shiga, amma saƙo ba ya fita. Wani kuma ya fita ƙarfe biyu na dare

Na farkon ba laifin databes ba ne, cron ne, mai tada aiki bisa lokaci a saba. Mautic ba ya motsi da kansa sai saba na tada shi lokaci-lokaci, umarni uku ne dole: mautic:segments:update, mautic:campaigns:update da mautic:campaigns:trigger. A jera su duk minti 15 amma a bambanta su da minti biyar-biyar kar su tashi tare su danne juna.

Na biyun agogo ne. Mu muna gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, saba da yawa kuma bisa UTC suke zuwa, in kuma ta Amurka ce da agogon New York tazarar awa biyar ce ko shida gwargwadon lokacin shekara, ka sa takwas na dare ya fita biyu na dare. Zaɓi Africa/Lagos cikin saitin manhaja da na PHP, ka gwada da lambarka kafin ka saki ga jama'a. Musamman da azumi, saƙon rangwamen kayan buɗa-baki da ya iso bayan an sha ruwa asarar kuɗi ce.

Duk lokacin da ake ɗaukar sunayen sai kwamfutar kanta ta yi nauyi, layi ya taru

Ana jan teburin duka ne kowane lokaci. A ja waɗanda sunka canza kawai, a sa INDEX, abin da ke saurin da bincike cikin tebur, bisa gurbin waya da na lokacin gyara, a kuma mai da aikin lokacin da babu jama'a, kamar bayan Azahar ko kafin a buɗe. Ba a buƙatar kowane minti, wanda ya sayi irin shinkafa FARO 44 da safe ba sai tallar maganin feshi ta same shi kafin ya kai gida ba.

Wani ya ce zai sayar min da lambobi dubu hamsin na mutanen Kebbi, in zuba su ciki?

Kar ka zuba ɗan'uwa. Akwai doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da anka sa ma hannu a Yunin 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, kafin ita akwai ƙa'idar hukumar fasahar zamani NITDA ta 2019. Mutum na da haƙƙin ya ce kar a turo mishi talla kuma dole a daina, in bayanan mutane sunka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su ana so a sanar da hukuma cikin awa 72, tara kuma na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga ƙananan masu riƙe bayanai, manya kuwa miliyan 10 ko kashi 2 ɗin, wanda ya fi yawa.

Ko ka ajiye doka gefe, tun 2016 hukumar sadarwa NCC ta kawo lambar 2442, duk wanda ya tura STOP can tallar tes ba ta isa gare shi, WhatsApp kuma in mutane sunka yi ta kai ƙarar lambarka rufe ta za a yi, lambar da duk dilolinka sunka sani. Kuma mu nan an san juna, matar aure ta ga saƙo daga shagon da ba ta taɓa shiga ba da sunanta a kai, maigida zai zo ya tambaye ka ina ka samu.

Shi ya sa gurbin ya_yarda ɗin can. Mai karɓar kuɗi ya tambaya da baki, Alhaji mu riƙa sanar da kai in sabon kaya ya zo? In ya ce eh a sa 1 da kwanan wata. Kuma hanyar dawowa ta zama akwai, wanda ya ce a daina cikin manhajar talla dole labarin ya iso rumbun shago, in ba haka ba kwafin gobe zai sake maido shi. Wannan a yi shi da ɗan tebur daban na waɗanda sunka fita, shi kaɗai za a ba manhajar izinin rubutu kansa, VIEW ɗin kuma ya riƙa tsallake duk lambar da ke ciki.

Yaron da ke kula min da kwamfuta ya tafi bautar ƙasa, mi ya kamata in canza?

Ko kun rabu lafiya a canza, ba zargi ba ne, wayarsa na iya ɓata da komi ciki. Kalmar sirrin cPanel ko ta saba, ta root, ta yuzan talla, makullan API na mai aika tes da na imel, a cire makullinsa na SSH, a share adireshin da ya sa cikin Remote MySQL. A MySQL rubuta SELECT user, host FROM mysql.user, ka ga duk yuzojin da ke akwai, wanda ba ka gane ba ka tambaye shi tun yana ɗaukar waya. Ka tuna in ka canza ta yuzan talla sai ka je cikin saitin manhajar ka sa sabuwar, in ba haka ba 1045 za ta gaishe ka da safe.

Kafin ya tafi ya nuna maka inda kwafin ajiya ke sauka, ya ɗauko na jiya ya zuba shi cikin wani databes na gwaji gabanka ka ga sunaye sun fito da ƙ da ɗ ɗinsu. Sannan ka tabbata hostin da sunan yanar shagon da imel ɗinka anka yi rajistarsu ba nashi ba, don can ake turo saƙon sabunta biya da na canza kalmar sirri.